Abin Da Na Faɗa Kan Lawwali

Talata, 10 ga Satumba, bayan Magariba

Yau na zubar da haƙorina na gaba a kwatar gidan Alhaji Baraka, kuma ba wanda ya ture ni. Da ƙafata na kai kaina.

Barista ne ya aiko da sabon littafinsa, na uku ke nan, mai suna Masarar Da Ta Bushe A Tsaye. Barista ɗana ne na fari, don haka sunansa ba ya fita bakina, ba kuma zai fita daga birona ba. Lauya ne, ofishinsa na Funtua a saman wani kantin magani. Ni kuwa Almu mai gyaran injin niƙa, na bar makaranta a aji huɗu, bayan ni da malamin lissafi mun gane ba za mu taɓa jituwa ba. Amma a majalisarmu ta gindin dalbejiya ni ne farfesa, domin ni kaɗai ke iya karanta shafi guda ban nemi ruwa ba.

Kullum bayan La'asar ni ke karantawa, su kuma aikinsu su gano wa aka sa a ciki. Sun yi imani babu mutumin da Barista ya ƙirƙira, duk 'yan Ƙanƙara ne ya canza musu suna. Yau muka iso inda aka yi maganar wani mai kai wa mutanen daji burodi da fetur a ɓoye, aka ce yana jan ƙafar hagu. Na ɗaga kai, sai ga Lawwali zaune gabana yana ɓare gyaɗa.

Lawwali taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ni ke ce mashi bawana, shi ke ce mani gadon banza. Burodi yake kai wa ƙauyuka a babur, su Tafoki da Ruwan Godiya, kuma ƙafar hagu yake ja tun da ya faɗo daga tsamiya, tsamiyar da ni na ce ya hau. Wa zai ga irin wannan dama ya bari?

Na ce, "Jama'a, ku daina wahala, ga shi nan zaune! Ga mai ciyar da mutanen daji! Kullum burodi sai ya ƙare, amma ba mu taɓa ganin mai saye ba."

Ya ce, "Kai da ɗan naka duk maƙaryata ne, sai dai shi ana biyan shi."

Aka kwashe da dariya. Na miƙe zan gwada musu yadda yake tafiya in zai shiga daji, na ja ƙafa, na ƙara ja, gansakuka ta kwashe ni. Lawwali ne ya ciro ni, yana dariya har da hawaye. Akwai wasu baƙi da ke jiran mota a gefe, na ga ɗayansu ya ɗaga waya. Na ji daɗi ma, na ce ko ba komai na shiga fim.

Suwaibatu, uwargidana, ta dafa mani ruwan gishiri ta ce, "Allah ya rage maka haƙori ɗaya. Da bakin ya ɗauke gaba ɗaya da mun huta." Ta ce in yi shiru kwana biyu. Shi ya sa na ɗauko biro.

Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi

Leɓe ya kumbura kamar ƙosai. Koko kawai nake sha.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan Magariba

Ɗiyata Nana Khadija ta zo daga gidan mijinta da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ka ga wannan?"

Na gani. Ni ne, da hulata a karkace, ina nuna Lawwali da yatsa. An yanke amsar da ya ba ni, an yanke dariyar mutane, an yanke kwata. Sai muryata, sai fuskarsa, sai wani jan rubutu a sama da ban so in kwafe shi a nan. Na ce mata ashe ina da kyau a hoto. Ba ta yi dariya ba.

Da yamma Lawwali ya biyo da akwatinsa cike. Ya ce a Tafoki mai shayi ya ce ya gode, yana da saura. A Ruwan Godiya kuwa ko gaisuwarsa ba a amsa ba. Ya miƙo mani burodi guda ya ce, "Ungo, gadon banza, jiƙa a ruwa, tunda ba ka da abin tauna." Na ce mashi kwana biyu za a manta. Ya ce, "Haka ne." Bai zage ni da zai tafi ba. Sai da ya sha kwana na lura.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan Magariba

Adama matar Lawwali ta aiko a tambaya ko yana wurina. Ba ya wurina.

Talata, 17 ga Satumba, bayan La'asar

An ga babur ɗin a gefen hanyar Faskari, a kafe da kyau kamar mai shi ya zaga fitsari. Akwatin na ɗaure, burodin na ciki, ba a taɓa ko ɗaya ba. Makulli ma na jiki.

Wasu sun ce masu gadin gari ne na wani ƙauye suka ɗauke Lawwali. Wasu sun ce a'a, na dajin ne, don sun ji an tona wani nasu. Wasu sun ce masu kaki ne cikin mota marar lamba. Duk wanda ya faɗi nasa sai ya rage murya ya duba bayansa, sannan ya dube ni.

Na je majalisa. Tabarma na nan, ba kowa.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan La'asar

Barista ya iso. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba. Shekara arba'in ke nan haka muke. In ina son in ji ko ya ci abinci, uwarsa nake tambaya, ita kuma ta tambayi ƙanwarsa. Duk alfaharin da nake da shi a bayan idonsa nake yin shi, a gindin dalbejiya, da ƙarfi. Da mutum ne da nake iya zama in ce mashi, yaro, wa ka ke nufi da mai burodin nan, da na tambaya tun a gida.

Bai ce mani komai kan hoton ba. Cewa ya yi, "Baba, wace riga Baba Lawwali ya sa ranar?" Ban sani ba. Mutumin da na yi shekara sittin ina zagin rigunansa.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan an sauko Masallaci

Adama ta aiko da saƙo cewa bakin da ya faɗa shi zai warware, kuma da irin ƙarfin da ya faɗa. Gaskiyarta. Na roƙi liman, bayan sallama ya ba ni lasifika. Na ce ni ne Almu, kowa ya san ni, Lawwali taubashina ne, abin da na faɗa wasa ne, ban taɓa ganin shi da wani mugun abu ba, wanda ya san inda yake ya dubi Allah. Iska na fita ta giɓin nan, duk inda na ce "wasa" sai lasifikar ta yi fito. Wasu samari a baya suka tuntsire. Ban ga laifinsu ba, ni na koya wa garin nan cewa in na buɗe baki a yi dariya.

Babu wanda ya ɗaga waya a wannan karon.

Lahadi, 22 ga Satumba, da hantsi

Ba labari. Barista na fita da sassafe, ofis zuwa ofis, Ƙanƙara, Faskari, ya dawo takalmi duk laka. Ko'ina a buɗe mashi littafi a ce duba da kanka, babu sunan.

An kawo mani injin niƙa daga Mairuwa, na kwance shi, na zauna ina kallon ƙarafa. Tunanin yaron nan nake. Yana ɗan aji biyu ya kafa kotu a bayan gida, ya gurfanar da akuyar uwarsa kan cin dusa, kuma shi ya tsaya mata har aka sallame ta. Ran nan Lawwali ya ce, "Almu, wanga ɗan ba naka ba ne, a asibiti aka musanya." Lokacin da zai tafi Zariya karatun lauya, babur ɗin Lawwali ne ya kai akwatinsa tasha, ni ina baya da ƙafa ina yi kamar wani wuri za ni. Da ya gama ya yi aiki a Kaduna ƙarƙashin wani babban lauya, muka ce shi ke nan, mun haye. Sai ga shi ya tattaro ya dawo Funtua, wai nan ne mutanensa ke zuwa kotu ba mai tsaya musu. Masu kawo mashi ƙara da kaji suke biya, da tiyar wake. Shi ya ƙwato wa wasu zawarawa gonarsu a Mairuwa, suka kawo mashi zakara ɗaya su huɗu. Na ce wa uwarsa mun haifi lauya na farko da ofishinsa ke cara da asuba.

Rubutun kuma bayan sallar Asuba yake yi, kafin ya sa baƙar riga. Littafinsa na farko na soyayya ne, Suwaibatu ta ɓoye shi ƙarƙashin katifa don kunya, ta hana ni kai shi majalisa, na sace na kai. Na biyu kan rikicin gado ne, har a rediyo aka karanta shi. Na taɓa jin yana ce wa ƙanwarsa, abin da alƙali ya hana shi faɗa da rana shi yake rubutawa da safe.

Na mayar da injin na ɗaure, kusoshi biyu suka rage a hannuna. Ban san na ina ba ne.

Talata, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Ba labari.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan Magariba

Sabuwa muka je ni da Barista. Wani direba ya ce mashi ana tsare da wani mai ɗingishi a can, aka ce a zo da wanda zai gane shi ko an aske mashi kai. Muka bi ta Funtua, don ta kusa ba ta biyuwa. Gonaki a hanya dawa ta yi kai, amma ba kowa a ciki.

Aka fito mana da mutumin. Yana jan ƙafa, amma ta dama. Dogo ne, ba mu taɓa ganin shi ba. Ya dube mu da wata irin murna, ya ɗauka nasa ne suka zo. Da ya gane ba nasa ba ne ya ce, "Ba komai, Alhaji, ku gaida gida." Barista ya tsaya ya rubuta sunansa da na ƙauyensu. Hali dai ba ya barin mai shi.

A hanyar dawowa mu biyu ne a mota, ba uwa, ba ƙanwa, ba bangon da zan kalla. Na daɗe ina kallon gilashi sannan na ce, "Barista, shi mai burodin nan na cikin littafi, wane ne?"

Ya ce, "Ba kowa ba ne, Baba. Babu shi."

Na ce, "To ɗingishin fa?"

Muka wuce wani shingen masu bincike. Sannan ya ce, "Na Baba Lawwali ne. Ina son mai karatu ya ƙi mutumin amma ya ji tausayin shi. Na rasa yadda zan yi, sai na ba shi tafiyar wanda na fi so a garin nan. Na ɗauka ba wanda zai lura."

Na ce, "Ka manta ubanka farfesa ne."

Na yi nufin ya yi dariya. Sai ya tsayar da motar a gefe, ya kifa kai a sitiyari. Ban taɓa ganin bayan wuyansa kusa haka ba, ashe har furfura ta fara mashi. Hannuna ya tashi, na mayar da shi kan gwiwata. Na ce mu tafi, nan ba wurin tsayawa ba ne.

Litinin, 30 ga Satumba, da safe

Suwaibatu ta daina yi mani faɗa. Jiya na zubar da man inji a tabarmar sallarta, ta ɗauke ta wanke kawai. Na fi son faɗan.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Kotu. Barista ya shigar da takarda cewa duk wanda ke riƙe da Lawwali ya fito da shi gaban alƙali. Yau na fara ganin shi da hular nan ta gashi da baƙar riga yana magana a tsaye. Shekara da shekaru ina ba da labarin yadda yake yi a kotu, har da kwaikwayo, ashe ban taɓa gani ba. Ba ya ɗaga murya ko kaɗan. Duk ihun nan ni na ƙara.

Aka kira ni shaida, aka ba ni tafinta. Lauyan ɗaya ɓangaren, wani mai ƙaramin gemu, ya sa aka kunna hoton. Muryata ta cika ɗakin.

Ya ce, "Malam Almu, kai ne wannan?"

Na ce, "Ni ne, lokacin ina da haƙori."

Alƙali ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai.

"Ka faɗi wannan magana ko ba ka faɗa ba?"

"Taubashina ne, ranka ya daɗe. Ko a gaban Sarki zan iya ce mashi ɓarawo."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ka faɗa?"

"Na faɗa, amma wasa ne."

"An tilasta ka?"

"A'a."

Ya ce ya gama da ni. Na ga alƙalamin alƙali ya motsa kan "na faɗa". Ban ga ya motsa kan sauran ba, ko da yake daga inda nake ba a gani sosai.

Kowane ɓangare na hukumomin da aka kai ƙara ya tashi ya rantse Lawwali ba ya wurinsu. Alƙali ya ce ba zai iya umartar a fito da wanda kowa ya ce bai riƙe ba, ya ɗaga zama zuwa bayan wata. Da muka fito Barista ya cire hular ya cusa a leda kamar kayan miya.

Asabar, 5 ga Oktoba, da hantsi

Wayar Barista na ƙara, ya duba ya fita waje, ya dawo fuska ba daɗi. Ya tura matarsa da yara Kaduna wurin iyayenta, wai hutu. Ba lokacin hutu ba ne. Ban tambaya ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Azahar

Buhuna uku aka sauke a zaurena. Na ɗauka masara ce wani mai ƙara ya biya. Littattafan ne. Barista ya bi shaguna na Funtua da Malumfashi ya kwaso duk wanda bai sayu ba. Na ji yana ce wa uwarsa daga yau ya bar rubutu, na huɗun da ya kai rabi ma ya sa a murhu. Ta ce, "To." Ni daga zaure na ɗaga murya na ce wa Nana Khadija, "Ki ce wa yayanki littafi bai nuna kowa da yatsa ba, ni na nuna." Ta je ta faɗa. Ta dawo ta ce ya ce ya ji.

Lauyancin ma ban san ko zai ɗore ba. Masu kawo kaji sun ja baya, an ce suna tsoron a gan su a matakalar ofishinsa.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da yamma

Ba labari. An ce an ga wani kamar shi a wajen Ruwan Godiya. An kuma ce an ga wani abu a rafi. Barista ya je duka biyun. Da ya dawo wanka kawai ya yi, ya daɗe a ciki.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan La'asar

Adama ta zo da kanta. Tun da abin ya faru ban bari mun haɗa ido ba, in na hango ta sai in shiga lungu kamar mai gudun kare. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta shigo ba. Da can ita ma wasa muke, in ce mata amaryata, ta ce Allah ya kiyashe ta da tsohon inji.

Ta ce, "Malam Almu, na je wurin malamai. Na ce in shiga takaba ko in jira. Sun ce in jira. Na ce har yaushe, sun ce da sauran lokaci mai tsawo. To ni na iya jira."

Na ce, "Allah ya bayyana shi."

Ta ce, "Amin. Ba shi ya kawo ni ba. Yaranmu ne, Sumayya da Muhammad Auwal. Kullum in babur ya wuce sai su fita da gudu. Na ce ya yi tafiya, sun ce ba ya tafiya ba babur, ga shi nan a soro. A makarantar allo an ce masu ubansu na daji. Ni ban iya magana ba, da na fara sai kuka. Kai kuwa Allah ya ba ka bakin da in ka faɗi abu gari guda ke yarda. Ka zo ka zaunar da su, ka gaya masu inda ubansu yake, da dalilin da ya sa."

Na ce, "Adama, mi zan ce masu?"

Ta ce, "Ran nan wa ya gaya maka abin da za ka ce?"

Ta gyara mayafi ta tafi.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Magariba

Na yi wanka, na sa rigar Juma'a, na saya masu alewa. Na isa har ƙofar gidan. Ina jin muryoyinsu a ciki, suna gardama kan wa zai hau gaban babur wa zai hau baya. Yarinyar ta leƙo ta gan ni, ta yi tsalle ta ce, "Ga gadon banza! Baba Almu, yi mana abin dariya!"

Na ba ta alewar, na ce sauri nake, inji na jira na.

Adama na tsaye a tsakar gida, ta ji komai. Na ce mata gobe. Ta ce, "Suna nan."